Hutun Hunturu a Ƙasar Baƙunci: A Bar Ɗalibanmu Su Ziyarci Juna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyayen da suka tura 'ya'yansu karatu ƙasashen sanyi, musamman Birtaniya, da su 'ya'yan kansu, da kuma 'yan'uwanmu da suka daɗe da zama a can har suka ajiye iyali. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ƙorafi da nake yawan ji a nan Sakkwato da zarar watan Disamba ya kama, a majalisun bayan La'asar da wuraren ɗaurin aure, cewa wane an tura shi karatu amma ya ɓige da yawo, yau an ji shi a Birmingham, gobe a Manchesta, jibi ya aiko da hoto daga Glasgow. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta faɗa wa jikanta ta waya, ina ji da kunnena: “Karatu anka tura ka, wanga yawo na mine ne?” Na san ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, kuma na san tsoron da ke bayan maganar. Amma a matsayina na wanda ya yi karatu a Ingila, ya kuma zauna a can bayan karatun kafin ya dawo gida, ina ganin wajibi ne in ce wannan ziyarar da yara ke kai wa junansu a hutun ƙarshen shekara tana cikin abubuwan da ke tsare musu lafiya da hankali da addini, kuma hana su ita ya fi barinsu haɗari.

Wanda bai taɓa cin hunturu a can ba zai ɗauka irin namu ne da aka ɗan ƙara wa ƙarfi. Ba haka ba ne. Hunturunmu yana zuwa da hazo da faso da bushewar leɓe, amma da hantsi ya dubi ludayi rana tana nan, tsofaffi su fito bakin zaure su sha ta, kasuwa ta ci, yara su cika layi. Ko a mafi gajartar kwanakin shekara, yinin Sakkwato ya haura awa 11. A Landan kuwa, ranar 21 ga Disamba, rana tana fitowa bayan ƙarfe 8 na safe ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, wato yinin bai cika awa 8 ba, a Glasgow ma da ƙyar yake kusantar awa 7. Wannan ɗan hasken kuma sau da yawa yana bayan hadari ne da yayyafi mai shiga ƙashi. Ana sallar Azahar da misalin ƙarfe 12, La'asar ta shiga kafin ƙarfe 2, Magariba kafin ƙarfe 4, daga nan sai dare mai tsawo wanda mutum zai yi barci ya farka ya sake yin barci bai ga asuba ba.

Lokacin da ake karatu wannan duhun yana da sauƙin ɗauka, domin akwai lacca da ɗakin karatu da abokai. Daga tsakiyar Disamba jami'o'i suke rufewa har zuwa farkon Janairu, 'yan ƙasa su kwashe kayansu su tafi gidajen iyayensu, a bar baƙi. Ina so mahaifi ya siffanta wa kansa ɗansa a ɗakin kwanan ɗalibai ranar 25 ga Disamba, ranar Kirsimeti. Ya buɗe ƙofa ya fito farfajiyar da a da take cike da hayaniya, yanzu ba motsin kowa, fitilun ma ba sa kamawa sai ya tako ƙarƙashinsu. Ya shiga kicin ɗin da suke tarayya a ciki, ya tarar an kwashe komai daga firji sai ɗan abin da ya ajiye. Idan bai yi cefane tun jiya ba, to yau sai haƙuri, saboda dokar da aka kafa a 2004 ta hana manyan kantuna buɗewa a wannan rana a Ingila da Wales. Jiragen ƙasa ba sa tafiya, a Landan hatta jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas-bas na cikin gari suna hutawa. Idan masallaci yana da nisa, to jam'i ya wuce shi. Zai kira gida, a ce masa ana cin tuwon dare a tsakar gida, ya ji muryar ƙannensa, a yi sallama, ya ajiye waya ya dubi bango. Yaron da ya tashi a gidan da ba a taɓa cin abinci mutum ɗaya ba, a Kanwuri ko Gidan Igwai ko Mabera, shi ne muke cewa ya zauna a haka mako biyu ko uku, kuma muna ganin mun kiyaye shi.

Likitocin can sun san wani nau'in ciwon damuwa da ke kama mutane a lokacin sanyi saboda ƙarancin hasken rana, mai sa kasala da yawan barci da ƙuncin rai. Hukumar lafiyarsu tana ba kowa shawarar shan sinadarin bitamin D, maikurogiram 10 a kullum, a kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuma ta ce su yi la'akari da shansa duk shekara. Ƙwayar magani tana gyara jiki, amma ba ta maye gurbin mutum. Ga shi kuma tun daga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana mafi yawan ɗaliban ƙetare zuwa da matansu da 'ya'yansu, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ke nan magidanci ɗan shekara 35 da ya tafi digiri na biyu ya bar iyali a Arkilla, shi ma yana cikin wannan kaɗaicin, kuma irinsa ba ya faɗa wa kowa, domin yana jin nauyin a ce babba da shi yana kuka da kewa.

Wani zai ce to su dawo gida mana su yi hutun. Da can mai yiwuwa ne ga masu hali. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, fam ɗin Ingila kuma ya haura naira 2,000 a shekarar ta 2024. Disamba ne kuma lokacin da kujerar jirgi zuwa Legas da Abuja ta fi tsada, saboda 'yan Najeriya mazauna ƙetare suna rububin dawowa. Wanda ya sauka Abuja ma bai iso ba tukuna. Mu da ke nan mun san yadda hazo ke sa a ɗage ko a soke tashin jirgi zuwa filin Sultan Abubakar III, mun kuma san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau da Talatar Mafara take ciki, wadda uwa ba ta runtsawa sai ta ji ɗanta ya wuce ta. A ɗaya ɓangaren, tikitin bas daga Landan zuwa Birmingham, idan an saye shi da wuri, sau da yawa bai kai fam 20 ba. Duk wanda ya auna biyun zai ga yaron da ya zaɓi sauka gidan abokinsa ko ɗan garinsu bai yi almubazzaranci ba, tausayin aljihun mahaifinsa ya ji.

Kuma ban san yaushe tafiya ta zama abin zargi a wurinmu ba. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi tafiya har Agadas wajen malaminsa Malam Jibril ɗan Umar. Fataken goro sun yi ta bin hanyar Gwanja har Salaga, kuma ba otal suke sauka ba, kowane ayari yana da mai masaukinsa a zango, wanda ke ba shi ɗaki da abinci, ya nuna masa kan kasuwa, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Unguwannin zango da ke biranen Ghana a yau daga nan suka samo asali. Har gobe, da an kawar da amfanin gona, matasanmu suna tafiya ci-rani, kuma kowannensu ya san wurin wanda zai fara sauka. Abin da ɗalibanmu suke yi a Turai wannan tsarin ne suka gada suka tafi da shi.

Na ga amfaninsa da idona. A gidan wani likita ɗan ƙasarmu da ke arewacin Ingila, a irin waɗannan kwanaki, falo yakan koma masauki: a tura kujeru jikin bango, a hura katifun iska, barguna su fito daga kowane lungu. Uwargida ta tuƙa tuwon semo ta kaɗa miyar kuka da daddawar da aka aiko mata daga gida, sai ka ga saurayin da ya yi wata uku yana cin burodi da taliya ya yi shiru a kan kwano, idonsa ya kawo ruwa. Idan lokacin salla ya yi a naɗe katifu a tayar da iƙama, wanda ya fi karatu ya wuce gaba. A nan ne sabon zuwa yake jin inda ake sayar da naman halal da rahusa, da yadda ake yin rajista da likitan unguwa, da irin aikin hutun da ba zai saɓa wa sharaɗin bizarsa ba, da yadda ake rubuta wa malamin jami'a wasiƙar neman ƙarin lokaci. A nan ne kuma babba yake lura da yaron da ya rame ko ya daina magana, ya ja shi gefe ya tambaye shi. Masu gidan su ma suna cin riba, domin 'ya'yansu da aka haifa a can, waɗanda Hausa ba ta zauna a bakinsu ba, suna kwana suna tashi cikin masu yin ta, suna ganin yadda ake rusunawa a gaida babba.

Ban ce tsoron iyaye ba shi da tushe ba. Ƙarshen shekara a can lokacin shaye-shaye ne da gidajen rawa, kuma ba kowane abokin tafiya ne na kirki ba. Amma yaron da aka hana zuwa gidan mutanen kirki ba a raba shi da waɗannan abubuwa ba, suna nan a bakin ƙofar ɗakinsa da cikin wayarsa, kuma shi kaɗai ne ba mai ganinsa. Abin da ya fi shi ne mahaifi ya tambaya: gidan wa za ka sauka, ɗan ina ne, yana da iyali, ba ni lambarsa. Ya kira mai gidan su gaisa, ya ce masa ga amana nan. Wannan kiran na minti biyar ya fi faɗan awa guda amfani. Game da 'ya'ya mata, wajibi ne a fi tsanantawa wajen sanin masauki da abokan tafiya, a fifita gidan da akwai matar aure da iyaye suka sani ko aka san danginta a nan. Sai dai a tuna cewa yarinyar da aka yarda ta ƙetare teku don karatu ita ma kaɗaici yana cin ta, kuma barinta ita kaɗai a benen da kowa ya watse ba shi ne tsaro ba.

Yanzu kuma ga ɗaliban, domin a nan ne nake ganin ake ɓata abin. Gidan Turai ba gidan Sakkwato ba ne mai zaure da shigifa da ɗakin baƙi. Mafi yawan 'yan'uwanmu a can haya suke yi, ɗaki biyu da falo, kuma komai da kuɗi, har ruwan zafi da ɗumin ɗaki, waɗanda farashinsu ya yi mummunan tashi tun 2022. Da yawansu ma'aikatan asibiti ne ko gidajen kula da tsofaffi, waɗanda ba sa samun hutu a waɗannan kwanaki, wani ma daga dutin dare yake dawowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Saboda haka kada ka faɗo wa mutum ba sanarwa kamar yadda muke yi a gida. Ka nemi izini tun da makonni, ka faɗi ranar zuwa da ranar tafiya, kuma ka cika alkawari. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Bahaushe mai kunya ba zai taɓa ce maka ka tafi ba, zai yi ta murmushi yana lissafin kuɗin gas a zuci, don haka kai ne za ka gane da kanka.

Akwai ƙananan abubuwa da ke haddasa ɓacin rai waɗanda ba wanda zai gaya maka. Kada ka murɗa hita ka ƙure ta sannan ka buɗe taga. Kada ka daɗe a wanka kana zubar da ruwan zafi. Idan za ka yi alwala ko ka yi amfani da buta, ka sani daɓen banɗakinsu ba siminti ba ne mai magudana, yawanci katako ne a ƙarƙashi, ruwan da ka bari yana iya tsiyaya ta rufin maƙwabcin ƙasa, mai gida ya wayi gari da takardar gargaɗi daga mai hayarsa. Ka goge wurin kafin ka fito. Hirar dare da ƙyaƙyata dariya da muka saba da su suna ratsa bangonsu, maƙwabta kuma suna kai ƙara. Ka shigo da cefane a hannunka, ko shinkafa ko kaji ko kayan marmari, ka wanke kwanon da ka ci, kada ka miƙe ƙafa a falo uwargida tana ta ɗawainiya ita kaɗai alhali ba ta da mai aiki ba ta da ƙanwa. Idan kuma ɗalibi ɗan'uwanka ne zai sauke ka a ɗakin jami'a, ku duba ƙa'idar wurin, domin galibi suna iyakance kwanakin da baƙo zai yi, kuma shi za a hukunta ba kai ba. Ka kuma tafi da littattafanka, tunda jami'o'i da yawa suna yin jarrabawa ko karɓar ayyukan rubutu a Janairu.

Tafiyar kanta tana son shiri. A sayi tikiti da wuri, a kuma sani cewa ranar 26 ga Disamba ma jiragen ƙasa kaɗan ne ke aiki, kuma a tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ne ake yawan rufe layuka don gyara. Akwai katin rangwame na 'yan shekara 16 zuwa 25 da ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgin ƙasa, wanda ɗalibi mai cikakken karatu yake iya samu ko ya haura waɗannan shekaru. A lissafa salla kafin a zaɓi lokacin tashi, domin wanda ya shiga bas daga Landan da ƙarfe 11 zuwa Manchesta, tafiyar mil 200 ko kusa da haka, Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya riskarsa a kan kujera. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar mil 48 tana sa a yi ƙasaru, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka zai cika sallarsa. Masu sha'awar leƙa Faransa ko Jamus su sani bizar Birtaniya ba ta shigar da mutum can. Birtaniya ba ta taɓa shiga yarjejeniyar Schengen ta ƙasashen Turai masu tarayya a biza ɗaya ba tun kafin ta fice daga Tarayyar Turai a Janairun 2020, don haka mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza daban, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 a Yunin 2024. Haka ma wanda ke Belfast a Ireland ta Arewa, kada ganin babu shinge a kan iyaka ya sa ya hau mota zuwa Dublin, domin Jamhuriyar Ireland ƙasa ce daban mai bizarta.

Yakan faru kuma abokin karatu Bature ya ga za a bar ka kai kaɗai, ya gayyace ka gidan iyayensa. Hukuncin halartar bukin addininsu, wato Kirsimeti, na malamai ne, kuma ya kamata yaro ya tambaya tun kafin ya bar gida. Abin da zan iya shaida shi ne mafi yawan masu irin wannan gayyata tausayi ne yake sa su, kuma suna mutunta wanda ya faɗi iyakarsa a fili. Idan za ka amsa ko ka ɗage ziyarar zuwa wata rana, ka gaya musu tun farko cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, kana kuma buƙatar wurin salla. Ka tambayi abin da ke cikin kowane abinci, domin a teburin wannan rana ana naɗe tsiran alade da naman alade a ajiye kusa da talo-talo, kuma kayan zaƙin da suke ci bayan abinci sau da yawa an zuba musu barasa.

Iyaye masu son aika tsaraba ga wanda zai sauke ɗansu, abu ne mai kyau ƙwarai, amma a kiyaye: dokar Birtaniya ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu ana iya ƙwace su a filin jirgi, har a ci tarar wanda ya ɗauko. Hula ko turare ko yadin atamfa ga uwargida sun isa su nuna an san abin da ta yi.

Roƙona na musamman yana ga Sakkwatawa da sauran 'yan Arewa da Allah ya zaunar a can, likitoci da malaman jami'a da injiniyoyi da 'yan kasuwa. Yaran da suka fi buƙatar masauki su ne waɗanda ba za su taɓa roƙa ba, 'ya'yan talakawa da suka tafi da tallafin karatu, ba su san kowa ba, kuma kunya ba za ta bar su su kira babban mutum su ce za su zo gidansa ba. Ina ba da shawarar tun watan Nuwamba ƙungiyoyinku na gari-gari da zaurukanku na WhatsApp su tattara sunayen sababbin ɗalibai, a san wanda ba shi da wurin zuwa, a raba su gidaje, maza daban mata daban, wanda gidansa ba zai ɗauki mai kwana ba ya gayyaci mutum biyu cin abincin rana ko ya biya wa wani kuɗin mota. Mu kuma da ke gida, duk wanda yake da ɗan'uwa ko tsohon abokin makaranta a can, ya haɗa shi da iyayen ɗalibin unguwarsu tun kafin jami'o'i su rufe a tsakiyar Disamba.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Runjin Sambo, Sakkwato.